Nazarin lamari: kwana 54 na zubar jini a ƙaramin ciki, da fargabar da ta fi jinin daɗewa

## Tarihin matar

Matar tana da shekara 31, tana aikin ofis, kuma tana da ɗa guda mai shekara 4 wanda ta haifa da kanta ba tare da tiyata ba. Wata 14 kafin wannan lamari ta yi ɓari a mako na 8. Wancan karon da ɗigon jini mai duhu ya fara, a rana ta uku ya ɓalle, aka ƙare da wankin ciki. Ba wanda ya zauna ya yi mata bayanin abin da ya jawo shi. An ce ta yi haƙuri wani zai zo, aka sallame ta.

Ba ta da hawan jini, ba ta da ciwon suga, ba ta shan taba. Al'adarta ba ta da tsayayyar rana: wani watan ta zo bayan kwana 30, wani watan sai ta kai 36. Da gwajin fitsari ya nuna tana da juna biyu, ta fara shan folik asid, maikirogiram 400 a kullum. Ita da maigidanta kaɗai suka san da cikin. Sun yi shawarar ba za su gaya wa kowa ba sai ya wuce wata 3, domin a karon baya sun ɗanɗana ɗacin bin mutane ɗaya bayan ɗaya suna sanar da su cewa cikin ya zube.

A wannan rubutu zan ƙirga kwanaki daga ranar da ta fara ganin jini. Makonnin ciki kuwa likitoci suna ƙirga su ne daga ranar farko ta al'adar ƙarshe, ba daga ranar da cikin ya shiga ba.

## Kwana na 1 da na 2: ɗigon farko

Bisa lissafin al'adarta, cikin yana mako 6 da kwana 2. Da safe ta shiga banɗaki, ta ga ɗan jini ruwan ƙasa a jikin takardar goge jiki, bai kai ya ɓata mata kamfai ba. Babu ciwon mara, babu ciwon baya. Gabanta ya faɗi, ta zauna a wurin ta kasa tashi. Abin da ya fara zuwa mata a rai shi ne jiya ta ɗauki ɗanta ta hau da shi bene yana barci.

Ba ta gaya wa maigidanta ba. Ta je aiki, ta shiga banɗaki sau 15 ko fiye kafin a tashi. A rana ta biyu ɗigon ya ɗauke da rana, ya dawo da dare. Daga baya ta ce ta yi shiru ne don tana jin in ta furta abin da bakinta, ya tabbata ke nan.

## Kwana na 3: zuwa asibiti na farko

Da asuba jinin ya koma ja, ya ɓata kusan rabin audugar mata, da ɗan murɗawa a mara irin na al'ada. Ta tashi maigidanta, suka tafi asibiti.

Likita ta yi mata tambayoyin da ake yi wa duk mai ƙaramin ciki da ke zubar jini: yawan jinin, launinsa, ko da gudaji, ko ciwon yana gefe ɗaya na mara, ko tana jin ciwo a saman kafaɗa, ko jiri na ɗibarta. Waɗannan na ƙarshe ana yin su ne don neman ciki a wajen mahaifa, wanda ke faruwa a kusan ciki 1 zuwa 2 cikin 100, galibi a cikin bututun da ƙwai ke bi. In bututun ya fashe, jinin yana zuba ne a cikin ciki inda ba a gani, kuma yana iya kisa cikin sa'o'i. Shi ne abin da likita ke fara kawarwa kafin komai.

Hawan jininta 116/72, bugun zuciyarta 84. Ma'aunin ƙarfin jininta ya nuna 11.8, rukunin jininta kuma O mai fosetib, don haka maganar allurar da ake yi wa wasu mata masu nagetib ba ta taso ba. Da aka duba ta, bakin mahaifa a rufe yake, babu tsiro ko gyambo a kansa. An ɗauki fitsari da ruwan gaba don duba sanyi, duka suka fito lafiya.

Sai sikanin, irin wanda ake zura na'urar ta gaba, domin shi ya fi nuna ƙaramin ciki. An ga jakar ciki a cikin mahaifa, faɗinta milimita 11, da ɗan zoben da ke ciyar da ɗan tayi a makonnin farko. Ba a ga ɗan tayin ba, balle bugun zuciyarsa. Girman abin da aka gani ya yi daidai da mako 5 da kwana 3, wato kwana 8 ƙasa da lissafinta.

Likita ta ce: "Malama, cikin yana inda ya kamata ya kasance, wannan babban abu ne. Amma yau ba zan iya ce miki zai zauna ko ba zai zauna ba. Ko dai cikin ya fi lissafinki ƙanƙanta, ko kuma ya daina girma. Ki dawo nan da kwana 10."

Jiran yana da dalili. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce ba a yanke hukuncin ɓari sai ɗan tayi ya kai milimita 7 babu bugun zuciya, ko jakar ta kai milimita 25 babu kowa a ciki, ko kuma an sake dubawa bayan aƙalla mako guda ba a ga ci gaba ba. An tsaurara ma'aunin ne don kada a wanke cikin da ke da rai. Kuma ga mace mai doguwar al'ada irin tata, ƙwai yakan fito a makare, sai lissafi ya wuce gaskiya da mako guda. Ba a yi mata wannan bayanin a ranar ba. Layin yana da tsawo, ganawar ba ta wuce minti 10 ba.

An rubuta mata furojestaron na matsi, wato sinadarin da ke taimaka wa mahaifa ta riƙe ciki, miligiram 400 safe da dare, saboda tana zubar jini, ta taɓa yin ɓari, kuma an tabbatar cikin yana cikin mahaifa. An ce ta sha farasitamol in ciwon ya dame ta, ta guji aibufurofen da dangoginsa, ta yi amfani da audugar waje ba ta cusawa ba, ta dawo in jinin ya yi yawa. Ba a gaya mata nawa ne "yawa" ba.

## Kwana na 4 zuwa na 12: abubuwan da ta gwada

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tun daga ƙofar asibiti ta riga ta yanke a ranta cewa abin da ya faru wata 14 baya ne ke maimaita kansa, kuma duk abin da ta yi a kwanakin nan ƙoƙari ne na hana shi, ko aƙalla na gano shi kafin ranar komawa.

Ta ɗauki hutu daga aiki ta kwanta. Kwana 6 tana kan gado, ta ɗora ƙafafu a kan matashi, ba ta tashi sai don banɗaki. Jinin bai fasa zuwa ba. Abin da ya ƙara rikita ta, duk lokacin da ta miƙe bayan doguwar kwanciya sai ta ji ya zubo, sai ta ɗauka tsayuwar ce ke jawo shi. Alhali jinin da ya riga ya fito daga mahaifa ne yake taruwa a gaba yayin da take kwance, in ta tashi sai ya gangaro. Kwanciyar ta bar ta da ciwon baya da taurin bahaya, ga yini guda cur babu abin yi sai saƙa da warwara.

Kowace safiya tana gwajin fitsari, tana jera tsinkayen tana kwatanta duhun layin jiya da na yau. Ta yi guda 9. Wannan gwajin yana nuna akwai sinadarin ciki a jiki ne kawai, kuma yana iya ci gaba da nuna layi biyu makonni bayan ciki ya lalace. Duhun layin kuma yana canzawa da yawan ruwan da mutum ya sha.

A kwana na 6 ta je wani ɗakin gwaji da kanta ta sa aka auna mata sinadarin cikin, wanda ake kira hCG, a jini, ya nuna 8,400. Bayan sa'a 48 ta koma, ya nuna 12,100. Ta karanta cewa dole ya ninka duk bayan kwana biyu, ga shi bai ninka ba. A daren ta yi kwanan zaune tana kuka. Ninkawar kwana biyu zuwa uku ta makonnin farko-farko ce, in adadin ya haura wajen 6,000 hawan yakan rage gudu har ya ɗauki kwana 4 ko fiye. Kuma da zarar an ga jakar ciki a mahaifa, sikanin ya fi wannan gwajin amfani nesa ba kusa ba.

Sai waya. Daga ƙarfe 11 na dare zuwa 3 tana intanet tana karanta labaran matan da suka ga jini irin nata. In ta karanta na wadda ta haihu lafiya sai hankalinta ya kwanta na minti biyar, in ta ci karo da na wadda ta yi ɓari sai ta ga kanta a ciki. A kwana na 9 ta tashi ba ta jin laulayi, ƙirjinta ma ya daina ciwo. Ta gaya wa maigidanta cewa shi ke nan. Washegari amai ya dawo.

Maigidan shi ma hankalinsa a tashe yake, amma ya ɗauka aikinsa shi ne ya nuna babu komai. Kullum maganarsa: "Ki kwantar da hankalinki, damuwar nan ita za ta cutar da cikin." Da kyakkyawar niyya yake faɗa. Ita kuwa sai ta ƙara da wata fargabar a kan ta farko: tsoron cewa tsoron nata ne zai zubar da cikin.

## Kwana na 13: sikanin na biyu

An ga ɗan tayi, tsawonsa milimita 9, zuciyarsa tana bugawa sau 132 a minti. Girmansa ya yi daidai da mako 6 da kwana 6, wato ya ƙaru da kwana 10 cif tun dubawar farko. Lissafin al'adar ne ya zarce, don haka aka gyara mata watan haihuwa. A gefen jakar an ga ɗan kwantaccen jini, milimita 14 da 8, tsakanin bangon mahaifa da jakar cikin. Aka ce daga nan jinin yake fitowa, ta ci gaba da maganin matsi, ta dawo awo a mako na 12.

Ta fito tana hawayen farin ciki, ta koma aiki. Kwanciyar hankalin ta yi kwana 3. A rana ta huɗu ta sake ganin ɗigo ruwan ƙasa, sai komai ya dawo sabo. A kwana na 17 da na 22 ta je wani wurin sikanin na daban ba tare da an tura ta ba. Duka biyun sun nuna zuciya tana bugawa, kuma duka biyun sun ba ta natsuwa ta yini guda kawai. Ta fara tunanin sayen 'yar na'urar sauraron bugun zuciyar jariri ta gida.

## Kwana na 27 da na 28: daren da jinin ya ɓalle

Wajen ƙarfe 1 na dare ta farka a jiƙe. Jini ja ne, da guda ɗaya mai girman babban yatsa. Ta jiƙa auduga ɗaya cikin sa'a guda, ta biyun cikin sa'a biyu. Marar tana murɗawa amma ba ta kai zafin wancan ɓarin ba. Suka tafi sashen gaggawa, tana riƙe da gudan jinin a cikin leda don tana zaton ɗan ne.

Hawan jininta 110/70, bugun zuciya 96, ƙarfin jini 11.1. Bakin mahaifa a rufe. Abin da ta kawo daskararren jini ne zalla. Aka kwantar da ita zuwa safiya, jinin ya ragu da kansa.

Sikanin na safe ya nuna ɗan tayi mai milimita 23, mako 9 daidai, zuciya tana bugawa sau 168 a minti, abin da ya dace da wannan mako. Kwantaccen jinin ya girma zuwa milimita 32 da 18. Likita ya yi bayani a taƙaice: yayin da mabiyiya ke kafa saiwa a bangon mahaifa, wani ɗan gefe na jakar yakan ɗago, ƙananan jijiyoyi su tsiyaye, jinin ya taru a wurin. Wani ɓangaren jinin jiki ya shanye shi, wani ya samu hanya ya fito. Yana daga cikin abubuwan da aka fi gani a sikanin na masu ƙaramin ciki da ke zubar jini, kuma akasarinsa yana bajewa da kansa. In ya yi girma sosai idan aka kwatanta da jakar, haɗarin ɓari yakan ƙaru, shi ya sa za a sake aunawa. Babu allura ko ƙwayar da ke narkar da shi.

Kafin a sallame ta, wata ungozoma mai shekaru ta zo cire mata allurar hannu. Ta dube ta, ta ce: "'Yata, yaushe rabonki da barci?"

Wannan ce tambaya ta farko a kwana 28 da ba ta shafi jini ba. Matar ta fashe da kuka. Ta faɗi komai: tsinkayen gwaji, wayar dare, ɗaukar ɗanta da ta yi, da cewa ba ta wuce sa'a 3 tana barci. Ungozomar ta jawo kujera, ta kira maigidan ya shigo, ta zauna da su kimanin minti 20.

Ta fara da laifin da matar ta ɗora wa kanta. Ta ce ɗaukar yaro, hawa bene, zuwa aiki, ɓacin rai na yau da kullum, ko kwanciyar aure, ba a same su suna zubar da lafiyayyen ciki ba. Kusan rabin ɓarin farkon ciki yana faruwa ne saboda kuskure a ƙwayoyin halittar ɗan tayi tun ranar da ya haɗu, abin da uwa ba ta da hannu a ciki. Ta ce mace ɗaya cikin huɗu tana ganin jini a wata ukun farko, kuma da yawansu suna haihuwa lafiya, musamman in an riga an ga bugun zuciya. Ba ta ce mata cikin zai zauna ba. Cewa ta yi: "Ba ni da ikon yi miki alkawari. Abin da na sani shi ne yau da safe yaronki yana da rai, kuma girmansa daidai ne."

Sannan ta ɗauki takarda ta raba ta gida uku. A na farko ta rubuta abin da za a yi tsammani, ba sai an zo asibiti ba: ɗigo, jini ruwan ƙasa ko baƙi-baƙi wanda tsohon jini ne ke fita, ɗan murɗawar mara, laulayi mai zuwa yana tafiya. A na biyu, abin da za ta kira waya a kansa a ranar: jan jini kamar na al'ada, ƙananan gudaji, ruwa mai wari, zafin fitsari. A na uku, abin da za ta taho nan take ko tsakar dare ne: jiƙa auduga biyu a sa'a guda har sa'o'i biyu a jere, ciwo mai tsanani musamman a gefe ɗaya, ciwon saman kafaɗa, jiri ko suma, zazzaɓi. A ƙasa ta sa lambar wayar sashen da ranar sikanin na gaba.

Ta hana ta sayen na'urar gida, ta ce a mako na 9 ko na 10 ko ƙwararre yakan nemi bugun ya rasa, kuma wadda ba ta saba ba tana iya jin bugun jijiyarta ta ɗauka na jariri ne. Ta ce kada ta koma kwanciya, domin ba a ga tana hana ɓari ba, kuma doguwar kwanciya tana ƙara wa mai ciki haɗarin daskarewar jini a ƙafa. Ta ce su dakata da kwanciyar aure har jan jinin ya tsaya, don kada ya ƙara rikita su. Ga maigidan kuma ta ce: "Malam, ka daina ce mata ta daina damuwa. Ka tambaye ta me take tsoro yau, ka saurara."

## Kwana na 29 zuwa na 54: sabon tsari

Ta manna takardar a bayan ƙofar banɗaki. Duk lokacin da ta ga jini sai ta duba ko a wane gida ya faɗa. A kwana 26 ɗin nan sau biyu kawai ya faɗa gida na biyu, ta kira, aka yi mata tambayoyi, aka ce ta zauna a gida ta lura. Bai taɓa kaiwa gida na uku ba.

Ta zubar da sauran tsinkayen gwaji. Ta daina shiga banɗaki don dubawa kawai, sai in fitsari ya kama ta. Wannan ya fi komai yi mata wuya, a makon farko ta karya dokar kusan kullum, amma daga sau 15 ta sauko zuwa 7 ko 8. Da ƙarfe 10 na dare maigidan yakan karɓi wayarta ya ajiye a wani ɗakin. In fargabar ta taso da dare, takan ja numfashi a hankali ta ƙirga huɗu, ta sake shi ta ƙirga shida, ta yi addu'a, ta maimaita wa kanta jimlar ungozomar game da abin da aka sani yau. Barcinta ya koma sa'a 5 zuwa 6.

Ta gaya wa yayarta. Yayar ta yi shiru, sannan ta ce: "Ni ma na yi jini a cikin yarinyata ta biyu, wajen mako uku, ban gaya wa kowa ba." Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Daga ranar yayar take kiran ta kowace yamma, wani lokaci ta zo ta ɗauki yaron ya yini a wurinta.

Ta koma aiki a kwana na 32, tana ɗan tattaki da yamma. An haɗa ta da mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, ta gan ta sau uku. Yawancin hirar tasu ba a kan wannan cikin ta tsaya ba, a kan wancan ne, wanda ba ta taɓa samun sararin yin makokinsa ba.

Jinin ya yi ta fita ruwan ƙasa, yana raguwa. A kwana na 49, mako na 12, ɗan tayi ya kai milimita 55, kwantaccen jinin ya ragu zuwa 15 da 6. Ɗigon ƙarshe ta gan shi a kwana na 54.

## Daga mako na 16 zuwa haihuwa

A mako na 16 aka tsayar da furojestaron kamar yadda aka tsara. Ta ji tsoron dainawa, har ta roƙi a ƙara mata. Aka yi mata bayanin cewa tun wajen mako na 10 mabiyiya ta karɓi aikin samar da sinadarin. Babu abin da ya faru. Sikanin na mako na 20 bai nuna ko alamar kwantaccen jinin ba.

Fargabar ba ta tafi tare da jinin ba. Har ta fara jin motsi a mako na 19 tana duba takardar goge jiki duk shigarta banɗaki, kuma ba ta yarda ta sayi kayan jariri ba sai a wata na 8. Ta haifi 'ya mace a mako na 38 da kwana 4, mai nauyin kilo 3.1, da kanta, ba tare da wata matsala ba.

## Abin da na gani a lamarin

Jinin daga taruwar da ke gefen jakar ciki ya fito, kuma da kansa ya baje. Ban ga wani abu da matar ta yi wanda ya jawo shi ko ya tsayar da shi ba. Ya zo tana kwance, ya ɓalle tana barci, ya ɗauke tana zuwa aiki.

Game da furojestaron, ba shi yiwuwa a ce shi ya riƙe wannan cikin. An ba ta shi bisa hujja mai kyau. A babban gwajin PRISM da aka yi a asibitoci 48 na Birtaniya, aka wallafa a 2019, mata 4,153 masu zubar jini a farkon ciki suka shiga. Kashi 75 cikin 100 na waɗanda suka sami maganin sun haihu, waɗanda ba su samu ba kuma kashi 72, bambancin da bai kai a dogara da shi ba. Amfanin ya fito ne a wurin waɗanda suka taɓa ɓari, ya fi ƙarfi ga masu ɓari uku ko fiye, inda kashi 72 na masu maganin suka haihu, marasa shi kuma kashi 57. A kan haka hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ba da shawarar amfani da shi a 2021 ga mata irin wannan. Sai dai alƙaluman nan suna faɗin wani abu kuma: mafi yawan matan da ba su sami komai ba sun haihu, kuma kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka samu sun rasa cikin. Da wannan matar ta faɗa cikin su, da ba laifinta ba ne, kamar yadda haihuwar ba ladan kwanciyar kwana 6 ba ce. Ina nanata wannan ne saboda mai karantawar da nata labarin bai ƙare haka ba. Mujallar Lancet ta ƙiyasta a 2021 cewa ana yin ɓari miliyan 23 a duniya kowace shekara, kusan kashi 15 cikin 100 na cikin da aka san da shi.

Kulawar asibiti ta fuskar jiki ta yi daidai tun ranar farko. An kawar da ciki a wajen mahaifa, ba a yi gaggawar yanke hukunci a kan sikanin guda ba, an ba da maganin da ya dace. Kuskuren matar da ya fi haɗari shi ne shirun kwana biyun farko, domin a lokacin ba wanda ya san inda cikin yake zaune. Duk mai ƙaramin ciki da ta ga jini, komai ƙanƙantarsa, ya kamata ta sanar da ma'aikacin lafiya a ranar.

Inda aka gaza shi ne fargabar. An ɗauke ta a matsayin abin da zai wuce in jinin ya wuce, alhali ciwo ce mai zaman kanta, kuma tana da tushe tun kafin wannan cikin. Wani bincike da aka yi a asibitocin Landan, aka wallafa a 2020, ya nuna cewa wata guda bayan rasa ƙaramin ciki kashi 29 cikin 100 na matan suna da alamun ciwon firgici irin na wanda ya ga tashin hankali, kuma bayan wata 9 kashi 18 ba su rabu da shi ba. Matar da ta shigo da tarihin ɓari tana zubar jini, akwai yiwuwar da wannan nauyin ta shigo.

Duk abubuwan da ta gwada da kanta, gwajin fitsari, gwajin jini, ƙarin sikanin, karatun dare, neman tabbas ne a kan abin da babu mai tabbacinsa sai lokaci ya yi. Kowannensu yakan kwantar da hankali na ɗan lokaci, sannan ya bar ta tana buƙatar wani. Takardar ungozoma ba ta amsa ko cikin zai zauna ba. Ta amsa wata tambayar da take da amsa, wato me zan yi da jinin da na gani yanzu, kuma ta sauke mata aikin gadin da take yi dare da rana tana tsoron kada wata alama ta wuce ta. Hirar ta ɗauki minti 20 a kwana na 28, kuma kusan duk abin da aka faɗa a cikinta an san shi tun kwana na 3.